Siririn Kibod a Bakin Kotu

Duk wanda ya gaya muku ni ne na tashi kotun garinmu ranar Alhamis ɗin nan, ku ce masa ya ji tsoron Allah. Ban tashe ta ba. Mutane ne suka ga dama suka fito da gudu, har da alƙalai. Ni iyakar abin da na yi, na sayi kibod.

Sunana Midhat ɗan marigayi Ustaz Abdul-Gaffar, sana'armu kuwa rubuta takardun koke a bakin kotu. Mu shida ne jere a jikin katanga, kowa da ɗan teburinsa mai naɗewa da kujeru biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta mai kuka. Wanda aka ci wa iyakar gona, da wadda miji ya tafi neman kuɗi ya manta hanyar gida, duk nan suke zama su zazzage cikinsu, mu kuma mu mayar da kukan takarda. Jerin nan ba kara-zube ba ne. Na farko daga ƙofa Girgis ne, babbanmu, wanda muke kira Ammu, wato baffa, da tafiretarsa wadda ta girme ni. Na biyu babana, shekara talatin da ɗaya a ƙarƙashin bishiya ɗaya tilo da ke wurin. Na ƙarshe kuwa yana can manne da bayin jama'a, inda ƙuda ma sai ya yi shawara kafin ya sauka.

Da baba ya rasu na gaji kujerarsa. Tafiretarsa na ba ƙanwata ta ɗora a kan kabad, ni kuma na zo da kwamfutar cinya, don ni mutumin zamani ne. Na yi shekara biyu a makarantar kasuwanci kafin mu samu saɓani da masu jarrabawa.

Sati uku ina zaune, in ban da masu tambayar hanya babu mai tsayawa. Ran nan wani manomi ya zauna, ya faɗi abin da ke tafe da shi, na buga masa tas cikin minti biyar.

"Ustaz, yaushe za ka fara?" in ji shi.

"Ai na gama, Hajj."

"Ka gama? Ban ji komai ba."

"Ba a ji. Zamani ke nan."

"To takardar da ni da nake gabanka ban ji ta ba, alƙalin da ke hawa na uku ne zai ji ta?"

Ya ɗauki sandarsa ya koma wajen Ammu Girgis. Tafireta ta kama tas-tas-tas, shi kuma yana gyaɗa kai, ransa ya yi fari.

Da yamma Ammu Girgis ya yafito ni. "Ɗana, kujerar inuwar nan ba ta zama da sanyi. Haka muka gada tun kafin ubanka. Na ba ka zuwa Alhamis ta ƙarshen wata. In ba ta yi ɗumi ba, Sabri ya matso, kai ka koma ƙarshe."

Sabri shi ne na uku, da biro yake rubutu, kuma ya daɗe yana kallon inuwar nan da wutsiyar ido. Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye ba. A ƙarƙashin bishiyar nan na koyi haɗa baƙi, a kan cinyar babana.

Ummu Ragab mai shayi tana kwashe kofuna, ta tsoma baki ba a gayyace ta ba. "Ubanka sai ya bar mutum ya gama kukansa kafin ya taɓa tafireta. Kai kuwa tun mutum bai zauna ba ka san abin da ya kawo shi."

"Ummu Ragab, ke da shayi, ni da ilimi. Kowa ya tsaya a rumfarsa."

A gida na shimfiɗa wa matata Ibtisam shirin, tana yanka lalo.

"Na gano ciwon," na ce. "Ƙara mutanen nan suke saye, ba rubutu ba. To akwai wani kibod mai ɗan ƙarfe a ƙarƙashin kowane madanni, in ka taɓa shi sai ya amsa maka. Shi zan haɗa da kwamfutar."

"Ka ɗauko tafiretar babanka mana."

"Ke kin taɓa gudu da tafireta?"

A nan dai na fi ta gaskiya. 'Yan baladiyya, ma'aikatan hukumar gari, suna zuwa kamen masu zama a bakin titi, wani satin sau ɗaya, wani sau biyu. Daga lokacin da motarsu ta karyo kwanar shataletale zuwa ta iso katanga, iyakar damar da kake da ita ke nan ta naɗe teburi ka ɓace. Ammu Girgis kaɗai ake ƙyalewa saboda furfurarsa. Kibod masu ƙara kuwa yawancinsu kauri gare su kamar bulo. Ni siriri nake so, mai gajerun madannai, marar waya, wanda zai shige cikin fayil a rufe ba a ga tudunsa ba.

Kwana goma na yi ina bincike a waya, da rula a hannu. Na auna fayil, na auna jaka, har yatsuna na auna. A gidan shayin unguwarmu na zama malami. Duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da ni sai ya ji bambancin milimita goma sha biyar da ashirin da biyu, har mutane suka fara ɗaukar kofinsu suna canza teburi.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Alƙahira. Mai shagon, wani Wa'il, ya ciro mini daidai abin da nake mafarki, siriri kamar gurasa. Na ɗora rula a kansa, ya cika sharaɗi.

"Basha, wanne kake so a ciki?" in ji Wa'il, yana kirana da laƙabin manya. "Ja, ruwan ƙasa, ko shuɗi?"

Duk binciken nan kauri na karanta, launin abin da ke ƙarƙashin madannai ban bi ta kansa ba. Amma ɗan Abdul-Gaffar ba ya tambaya a shagon mutane. Nan take na yi lissafi: barkono ja ne, wuta ja ce, katin korar ɗan ƙwallo ma ja ne.

"Ja mana. Wannan ma tambaya ce?"

"Ga na gwaji nan, ka ɗan taɓa ka ji."

"Wanda ya sani ba ya gwaji."

Ya ɗaga kafaɗa, ya naɗe mini.

Lahadi da safe na sa Ummu Ragab ta kawo wa kowa shayi a kaina. Na tara marubutan nan biyar, da mai goge takalma, da wasu lauyoyi biyu da ba su da aikin yi. Na buɗe fayil a hankali, na zaro kibod, na ɗaga shi sama don kowa ya ga sirantakarsa.

"Ammu, ka toshe kunnenka," na ce. "Sabri, riƙe biron nan da kyau kada ya faɗi."

Na ɗaga yatsu goma, na sauke su.

Shiru. Na ƙara ƙarfi. Wani ɗan sus-sus ya fito, irin na kyanwa tana tafiya a kan katifa. Madannan kwamfutar da na raina sun fi shi surutu.

Sabri ya kara hannu a kunne. "Ustaz, a ɗaga murya, mu na baya ba ma ji."

"Sabo ne, bai saki jiki ba."

"Ko dai kunyar Ammu yake ji?"

"Kai da biro, me ka sani a harkar na'ura?"

"Ba komai. Amma birona in na matsa shi yana cewa ƙyas."

Ummu Ragab ta iso da sauran shayin, ta rasa inda za ta ajiye. "Madalla da ɗan faranti," ta ce, ta ɗora kofi a kan kibod ɗina. Ammu Girgis ya shanye shayin da na saya, ya goge gashin baki, ya ɗaga mini yatsu huɗu, wato kwanakin da suka rage.

Litinin na koma Alƙahira. Wa'il yana ganina ya fara murmushi tun daga nesa.

"Basha, ja na masu aiki kusa da jariri ne. Shuɗi ne mai ƙara."

"Na sani. Gwada ka nake yi."

"To na ci?"

"Da ƙyar."

Ya canza mini. Wannan karon na taɓa, sai na ji ƙas-ƙas-ƙas, tsaf, kowane harafi da muryarsa. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Wa'il ya danna wani wuri, fitilu suka kama a ƙarƙashin madannan, ja da kore suna bin juna.

"A kashe maka? Yana cin batir."

"A kashe? Har da shi na saya."

Tun a jirgi na rubuta 'yar takarda na manna a bayansa: Ustaz Midhat, marubucin zamani, da lambar wayata, saboda masu dogon hannu.

Talata da Laraba ban fita ba, don ba na son in sake zuwa da rabin shiri. A falo na kafa teburi ina atisayen gudu, Ibtisam tana riƙe da agogo. Kwamfuta cikin jaka, kibod cikin fayil, fayil a hammata, teburi a kafaɗa. Na fara da daƙiƙa ashirin, na fasa fitilar falo da ƙafar teburi, na sauko zuwa tara.

"Kwana biyu kana koyon gudu," in ji ta, "zaman kuma yaushe za ka koya?"

"Ke dai danna agogo."

Alhamis ta zo. Na kafa teburi, na kunna fitilu, na fara bugawa ba tare da akwai abin rubutawa ba. Jama'a, abin ya yi aiki. Masu wucewa suka riƙa waiwaye. Mai goge takalma ya bar ƙafar mutum a kan akwati ya matso. Ba a jima ba wata tsohuwa gajera cikin baƙar riga ta ja kujera ta zauna, ta ce sunanta Hajja Nafusa. Ta fara bayani a kan wani maƙwabcinta na sama, Fatahi, da agwagi, da rufi, da ruwan da ke ɗiga a kan gado.

Da na ji agwagi, na ji rufi, na ji ruwa, sai na ga ya ishe ni. Na saki yatsu. Idona ba ya kanta, ba ya kan kwamfuta, yana kan taron da ke kallona. In na zo ƙarshen layi sai in ɗaga hannu sama in sauke shi da salo.

"Ɗana, ban gama ba," in ji Hajja.

"Na gane, Hajja. Irin wannan shari'ar ko a barci ina rubuta ta."

"Ka dai ji wanda yake sama da wanda yake ƙasa?"

"Hajja, bar wa masu ilimi."

Mutum uku suka yi layi a bayan kujerarta. Fuskar Sabri ta koma kamar ya sha lemon tsami. Ammu Girgis da kansa ya dakata da aiki, ya leƙo ta saman gilashinsa. A raina na ce, baba, kwanta da daɗi, ɗanka ya riƙe wuri.

Na tsallaka shagon hoton takardu na fitar da shafi biyu, na dawo na sa su cikin sabon fayil kore, irin nawa sak, don dozin na saya. Ina ajiye shi a kan teburi sai wata murya ta ce, "Baladiyya!" Har yau ina zargin muryar Sabri ce, amma ba ni da shaida.

Hannuna bai jira ni ba. Kwamfuta cikin jaka, kibod cikin fayil, teburi a kafaɗa. Hajja ta miƙo hannu, na danƙa mata fayil ɗaya, na cusa ɗayan a hammata. "Daƙiƙa takwas," na sanar wa jama'a, sannan na faɗa lungu.

Motar kwashe shara ce. Da na leƙo, sauran marubutan ko motsi ba su yi ba. Na dawo ina gyara kwalar riga, na ce musu atisaye ne, mai hankali ba ya jiran ranar. Hajja ta riga ta shige kotu. Na sake kafa teburi, na farkon layi ya zauna, na buɗe fayil da salon nan nawa.

Wayam. Na zazzage jaka, na leƙa ƙarƙashin kujera, na shafa aljihuna kamar zai shiga ciki. Ina cikin haka na ji hayaniya daga ƙofar kotu.

Abin da ya faru a ciki, daga baya kowa ya ba ni labarinsa, har waɗanda ba su nan. Hajja ta rungume fayil a ƙirji kamar yadda tsofaffi suke yi da takardar kotu, kuma duk takun da ta yi sai ya ce ƙas-ƙas. Ɗan sandan ƙofa ya tambaye ta me ke ƙara, ta ce takarda ce mai ƙarfi, ɗan zamani ya rubuta. Ya ɗaga murfin, ya ga siririn ƙarfe marar waya, jar fitila tana gudu a cikinsa. Ya yi salati, ya ajiye a ƙasa a hankali, sannan ya buɗe maƙogwaro yana ihun bom.

Ban taɓa sanin ginin nan yana ɗaukar mutane haka ba. Lauyoyi suka fito da baƙaƙen rigunansu a hannu, akawuna da tambari, wani fursuna yana jan ɗan sandan da aka ɗaure su tare, wani alƙali mai tumbi da takalmi ƙafa ɗaya. Titi ya tsaya cak. Ummu Ragab kaɗai ta ci riba, don duk wanda ya tsira sai ya nemi shayi.

Bayan rabin awa wani hafsa mai taurari uku ya fito, wani kurtu yana biye da shi, da kibod ɗina a kan shebur, fitilunsa suna ta rawa. Hafsan ya kifa shi da tsinin biro, ya karanta bayansa.

"Wane ne Midhat, marubucin zamani?"

Na waiwaya kamar ina taya shi nema. Yatsu biyar suka nuno ni, na Sabri ya fi tsawo.

"Mene ne wannan?" in ji hafsan.

"Kibod ne, Basha. Milimita goma sha biyar. In ka lura da gefensa..."

"Na tambaye ka kaurinsa?"

"A'a, Basha."

"Me ya kai shi cikin fayil ɗin tsohuwa?"

"Sirantaka, Basha. Ai alamar mai kyau ke nan, yana shiga ba a sani ba."

Wani a cikin taron ya tuntsire da dariya. Hafsan bai yi ba. Ya ce bari ya ga ko da gaske marubuci ne ni, ya zaro takardar ya fara karantawa da ƙarfi. Shafi ɗaya da rabi duk kirarin alƙali ne: hasken adalci, inuwar marayu, rijiyar masu ƙishi. Na san na tsawaita, don a lokacin ƙarar nake ji wa daɗi. Alƙalin nan mai takalmi ɗaya yana ta gyaɗa kai. Sai hafsan ya iso gindin magana.

"Mai koke, Hajja Nafusa, tana roƙon kotu ta umarce ta da ta kwashe agwaginta daga rufin maƙwabcinta Fatahi, bawan Allah mai haƙuri, ta kuma gyara masa gadonsa da ta jiƙa."



"Agwagin wa?" in ji Hajja, a hankali.

"Hajja, salon shari'a ne. Ana farawa ne ta baya, sannan..."

"Ni da ko kaza ba ni da ita? Shekara biyu ina kwana da roba a kan ciki, yau na biya kuɗina a kai ni ƙara?"

Ban ga lokacin da ta cire silifa ba. Tsohuwar nan gajera ce, amma ta san inda ƙeya take. Na zagaya teburi, ta zagayo. Na ɓuya bayan kurtun, ya matsa ya ba ta hanya. Lauyoyin da suka gudu ɗazu suka dawo suna tafi, fursunan nan ma yana tafi da hannu ɗaya.

"Basha, ka shiga tsakani," na ce.

"Ina zuwa," in ji shi, yana duba agogo. "Duk hukuncin da zan rubuta maka bai kai wannan ba."

Sai la'asar suka sake ni, bayan na maimaita labarin ja da shuɗi ga mutum huɗu, kowannensu yana kiran wani ya zo ya ji. Daga tagar ɗakin da suka ajiye ni ina jin tafiretar Ammu Girgis, tana bugawa tana tsayawa, tana bugawa tana tsayawa. Takardar Hajja yake sake rubutawa, kuma bai karɓi komai a hannunta ba.

Lahadi na yi sammako, amma Sabri ya riga ni. Yana zaune a inuwa, ya miƙe ƙafa, yana fifita da fayil.

"Ammu," na ce, "ai kujerar ta yi ɗumi. Ka ga taron da na tara."

"Na gani, ɗana. Har alƙalai ka fito da su."

"To?"

Ya cire gilashinsa yana gogewa, bai kalle ni ba. "Ban ji daɗi ba, Allah ya sani. Ni da ubanka mun raba gurasa shekara talatin. Amma magana ce na yi a gaban mutane. Ɗauki teburinka."

Na ɗauka. Ban taɓa sanin katangar nan tana da tsawo haka ba. Babu wanda ya yi mini ba'a, har Sabri ya sunkuyar da kai, kuma wannan ya fi silifar Hajja zafi. Da na isa ƙarshe na waiwaya. Akwai wata ƙusa da baba ya kafa a jikin bishiyar yana rataye kwat ɗinsa, sai na hango rigar Sabri a kanta. Nan abin ya kama ni, wallahi, na ji kamar yau aka binne shi.

Na kafa teburi, na ɗaura hankici a hanci, na kunna fitilu, na ci gaba da ƙas-ƙas don kada a ce na karaya. Can wajen hantsi wani babban mutum cikin kwat ya fito daga bayin yana yarfe hannu, ya tsaya a gabana. Na gyara zama, na tura masa kujera.

"Bismilla, Basha. Me ke tafe da kai?"

Ya laluba aljihu, ya ajiye mini fam ɗaya a gefen kibod.

"Babu sabulu a ciki," ya ce, ya wuce.

Na buɗe baki zan gaya masa ko ɗan wane ne ni. Na duba hagu, na duba dama, babu mai kallo. Na sa a aljihu.

Washegari na zo da sabulu.